Tambaya da Amsa: Karatun gano guba a ruwa da ƙasa, akwai abinci a ciki?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibar kemistiri ce a jami'ar KNUST, gidanmu Aboabo. Ina so in karanci gubar da ke shiga ruwa da ƙasa, irin waɗanda ake ta ganowa yanzu, amma Baba ya ce wannan ba aiki ba ne, wai in nemi famasi kawai. Don Allah akwai abinci a ciki?
Wata ɗaliba, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Baba yana da gaskiyarsa fa, famasi ta fi saurin kawo albashi. Amma aiki kam ga shi nan birjik, ragowar maganin antibayotik da ke bin fitsari ya faɗa gota, ɓarɓashin roba daga ledar piya wata, sai sinadarin PFAS da ake sa wa kumfar kashe gobara da tukwanen da abinci ba ya kamawa, shi wannan ba ya ruɓewa sam, tun 2009 aka sa ɗaya daga cikinsu, PFOS, a yarjejeniyar Stockholm ta taƙaita sinadarai masu guba. Tsofaffin gubobin ma ba mu gama da su ba. A rahotonsu na 2019, ƙungiyoyin kare muhalli IPEN da Basel Action Network sun auna ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie, inda ake ƙona tarkacen kayan lantarki a Accra, suka samu gubar dioxin mai tayar da hankali, an rushe wurin a 2021 amma ai buldoza ba ta wanke ƙasa. Ga gubar makuri (mercury) ta galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, a kogunan Offin da Pra.

Ki shirya yin mastas, ki riƙe analitikal kemistiri da lissafi gam. Masu ɗauka aiki su ne hukumar kare muhalli EPA, cibiyar binciken ruwa Water Research Institute ta majalisar binciken kimiyya CSIR, hukumar atomik ta Kwabenya, kamfanonin ma'adinai da jami'o'i, guraben ba su da yawa, ba zan ɓoye miki ba.

Inda ke min ciwo shi ne na'urar LC-MS da ake auna irin wannan guba da ita tana da tsada, sau da yawa sai an tura samfur Turai, ke kika shiga taɓo kika ɗebo, sakamako ya fito a mujallar da sai da dala ake karantawa. To tun kafin samfur ya bar hannunki ku yi magana, sunanki a takarda, alƙaluman kuma a zuba su a shafin ajiyar bincike na Zenodo kowa ya gani kyauta. Ki koyi manhajar lissafin alƙaluma ta R tun yanzu, ba a biyan ko sidi ɗaya. Kuma in kin auna rijiyar unguwa ki koma ki gaya wa mutanen da Hausa ko Twi abin da kika samu, ko a ƙofar masallaci ne.

Baba kuwa, ki kai shi wurin wani lakcaranku su zauna, zai fi jin ta bakin babba.