Za mu yi wata biyu a Siri Lanka, maigidana ya ce maganin maleriya ya ishe mu

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni da maigidana za mu tafi Siri Lanka, za mu yi kamar wata biyu. Mako uku na farko a Kolombo, saboda yana da harkar ganyen shayi da zai gani, daga nan mu zaga tsibirin: Kandy, Nuwara Eliya, Galle, in hali ya yi har Trincomalee. Abin da ya hana ni barci shi ne zazzaɓin denge da na ji ana fama da shi a can. Shi kuwa Alhaji cewa ya yi mu da muka tashi cikin sauro babu abin da sauron wata ƙasa zai yi mana. Ya je kemis an haɗa masa jaka guda: maganin maleriya, ibufurofen, daikulofenak da kafso. Wannan ya wadatar? Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gara da hankalinki bai kwanta ba, domin abin da ke cikin jakar nan ya fi sauron ba ni tsoro.

Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Siri Lanka ta rabu da maleriya. Sauron can ba zai sa muku ita ba. Denge ce ke nan daram, kuma gundumar Kolombo, inda za ku fi daɗewa, ita ce kusan kullum kan gaba wajen yawan masu kamuwa. A 2017 mutum sama da 180,000 suka kamu a ƙasar, fiye da 400 suka rasu. Cutar ta fi tashi bayan ruwa ya sauka, wajen Yuni da Yuli, sannan ta sake ɗagowa a ƙarshen shekara, amma babu watan da ake rasa ta.

Maganar Alhaji kuwa, kusan kullum sai na ji irinta a ɗakin duba marasa lafiya: zazzaɓi dai zazzaɓi ne, kowane zazzaɓi maleriya ne, jikinmu kuma ya saba. Abin da jikinku ya ɗan saba da shi maleriya ce, ita ma ba sabon da za a jingina da shi ba ne. Denge wata ƙwayar cuta ce dabam, sauronta dabam, babu ruwanta da abin da jininku ya sani game da maleriya. Abin ma da ya fi wannan: kala huɗu ce, wanda ya taɓa yin ɗaya sannan wata ta kama shi, shi ya fi shiga haɗarin ta yi tsanani. Akwai denge a Afirka ta Yamma, sau da yawa kuma a kan rubuta ta a matsayin maleriya ko taifod a sallami mutum. Ke nan mai bugun ƙirji da cewa ya sha cizon sauro tun yana yaro, mai yiwuwa shi ne ya riga ya yi ta farko bai sani ba.

To a ce zazzaɓi ya rufe Alhaji a masaukinku. Kai na sarawa, bayan idanu na ciwo, gaɓoɓi kamar an yi masa duka. Zai buɗe jaka ya sha maganin maleriya, ba zai yi komai ba. Zai ƙara da kafso, shi ma a banza, domin ba irin ƙwayar da yake kashewa ba ce. Da ciwon jikin ya ishe shi sai ya kai hannu ga daikulofenak ko ibufurofen, a nan ne ɓarnar take. Denge tana rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, waɗannan magunguna kuma suna raunana aikin ƴan da suka rage, suna kuma cin bangon ciki. Haka mutum ke fara aman jini ko baƙin bayan gida. Asfirin ma haka, har da garin maganin ciwon kai na cikin ƴar takarda, wanda da yawansa asfirin ne a ciki. Allurar ɗuwawu ita ma a'a. Mai kemis ɗin da ya haɗa wannan jaka, na tabbata bai tambayi ƙasar da za ku ba, balle abin da ke cikinta. Kuɗin kawai ya lissafa.

Sai tarko na biyu, wanda ya fi cin mutane. Tsakanin kwana na 3 da na 7 zazzaɓin yakan sauka. Mutum ya ce alhamdulillahi maganin ya yi aiki, a ɗaure kaya a kama jirgin ƙasa zuwa Kandy. Alhali a daidai wannan lokaci ne, ga waɗanda cutar za ta yi wa tsanani, ruwan jini ke fara tsatsowa daga jijiyoyi kamar randa mai yoyo, ya taru a ciki da ƙirji. Kwana ɗaya zuwa biyu abin yake ɗauka, kuma wanda ke asibiti ana auna masa ruwa daidai wa daida yakan tsallake lafiya. Saboda haka idan zafin jiki ya sauka amma mutum bai ji daɗi ba, ki zuba ido: ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini daga dasashi ko hanci, sanyin hannu da ƙafa, kasala ko rashin natsuwa, ko a yi awa shida babu fitsari. Ko ɗaya kika gani, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Lambar motar asibiti a can 1990 ce, kuma kyauta take zuwa.

Za ku kuma ji ana yabon ruwan ganyen gwanda, har a can ɗin ma ana yi. Ko da ya ɗan ɗaga adadin ƙwayoyin jini a takardar gwaji, ba ya toshe yoyon da na faɗa, kuma yoyon ne ke kisa. Zama a ɗaki ana dakan ganye ɓata lokacin da ba a da shi ne.

Abin yi idan zazzaɓi ya zo ba shi da yawa. Farasitamol kaɗai, ƙwaya biyu duk awa shida, kada a wuce haka, domin cutar tana taɓa hanta. Ruwan gishiri da sukari, da ruwan kwakwar nan mai ruwan goro da ake sara wa mutum a bakin titi. A guji abin sha ja ko baƙi, don in an yi amai a iya gane ko jini ne. A rana ta farko ko ta biyu a je a yi gwajin NS1, wato gwajin jini mai gano denge, da na ƙidayar jini. Likitocin Kolombo sun ƙware a kan denge ƙwarai, kullum ita suke gani. Amma ki buɗe baki ki gaya musu daga ƙasar maleriya kuka zo. Kuna iya tahowa da ita a jininku ta bayyana bayan mako ɗaya zuwa huɗu, su kuma sun daɗe ba sa ganinta, ƙila ba za ta zo musu a rai ba. A gwada duka biyun, kada a sha magani da ka.

Sauron denge da rana yake cizo, musamman da sassafe da kuma bayan la'asar, lokacin da za ku kasance cikin cunkoson kasuwar Pettah ko shan iska a filin Galle Face na bakin teku, duk a Kolombo. Gidan sauro da dare bai isa ba. Ku shafa maganin korar sauro mai sinadarin DEET, kada ku manta da ƙafa da idon sawu, ku sa kaya masu rufe jiki. Nuwara Eliya tana kan tudu mai tsawon sama da mita 1,800, sanyi ya rage sauro sosai, amma cutar takan yi kwana 4 zuwa 10 kafin ta bayyana. Cizon Kolombo yana iya tashi a kan dutse, na kwanakin ƙarshe kuma bayan kun dawo gida.

Katin rigakafin shawara dole ne ga wanda ya fito daga ƙasar da ake da cutar, kuma sai allurar ta kwana 10 yake fara aiki. Ku yi allurar da gaske. Masu sayar da kati ba allura, da masu saye, ban san wa suke yaudara ba. Karnuka da birai kuma, waɗanda za ku yi ta gamuwa da su a wuraren tarihi, kada a ba su abinci. Cizo ko yakushi, a wanke da sabulu minti 15 a tafi asibiti ranar, saboda akwai ciwon haukan kare a ƙasar.

Yau ɗin nan ki zazzage jakar a gaban Alhaji, ki fitar da ibufurofen da daikulofenak da kafson, ki sa farasitamol da ma'aunin zafin jiki a madadinsu. Idan kuwa yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini da likita ya ɗora shi a kai saboda zuciya, kada ya daina da kansa. Ya koma wurin likitan kafin tafiya a rubuta masa abin da zai yi idan zazzaɓi ya kama shi a can. Allah Ya kai ku lafiya.