An zaɓe ni tafiyar musayar sana'a zuwa Jamus, 'yan'uwa na cewa kada in dawo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni baduku ne a Kano, shekarata 14 ina aikin fata. Wata ƙungiya ta zaɓe mu mu shida, da maɗinka da marina da ni, za mu je Jamus na mako uku domin musayar al'adu da sana'a. Tun da labarin ya fita barci ya ƙaurace mini. Kawuna ya ce idan na dawo na yi asarar da ba zan taɓa mayarwa ba. Abokai sun ce ana gobe za a taso in sulale, daga baya a gyara takarda. Har an haɗa ni da wani ejan da ya ce in ba shi kuɗi ya tanadar mini masauki da aiki a can. Ina da mata da 'ya'ya uku, kasuwa kuma ta yi sanyi. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a wannan zaɓe, don ba a banza aka ɗauko ka cikin dukawan Kano ba. Ka je, ka koyo, ka dawo tare da tawagarka. Wannan ita ce amsar, amma bari in tsaya a kan maganar nan ta "a gyara takarda daga baya", domin na daɗe ina shirya wa tawagogi irin wannan tafiya, kuma da wuya mako ya wuce ban ji ta daga bakin wani ba.

Bizar da za a ba ka ta gajeren zama ce, wadda ba ta wuce kwana 90 cikin kwana 180, kuma galibi kwanakin shirin kawai ake bugawa da 'yan kwanaki a kai. Ba ta ba ka izinin aiki ba. A ƙa'idar Jamus, wanda yake son zama don aiki ko koyon sana'a daga ƙasarsa yake neman bizar dogon zama kafin ya taso. Babu wani ofishi a can da za ka shiga da bizar ziyara da ta ƙare a juya maka ita ta koma takardar aiki. To wace takarda ce za a gyara? Ka yi wa ejan ɗin nan wannan tambaya, ka ce ya faɗa maka sunanta da ofishin da ke bayar da ita. Za ka ji ya koma cewa shi dai yana da mutane.

Abin da suke nufi a ƙarshe shi ne ka jefar da fasfo, ka ƙirƙiri labari, ka nemi mafaka. Sun manta, ko sun ɓoye maka, cewa ranar da ka nemi biza an ɗauki hoton yatsunka goma, kuma yana ajiye shekara biyar a rumbun da dukkan ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shigar da mutum cikinsu, ke dubawa. Duk sunan da ka canza, yatsunka za su faɗi na gaskiya. Idan ka tsallaka Faransa ko Italiya ma, dokarsu ta ce ƙasar da ta ba ka biza ita ke da alhakin duba ƙararka, sai a maido ka Jamus. Rashin ciniki a kasuwa kuwa ba dalilin mafaka ba ne. Idan aka ƙi ƙararka, abin da za ka iya samu shi ne wata 'yar takarda da ke cewa an dakatar da korarka na ɗan lokaci, kana sabunta ta, kana kwana da fargabar ƙwanƙwasa ƙofa. Ranar da aka taso ƙeyarka zuwa Legas, za a haɗa maka da haramcin shiga na shekaru, ba Jamus kaɗai ba, har sauran ƙasashen Shengen. A tsawon wannan lokaci matarka da yara uku wa ya riƙe su? Kawu?

Akwai kuma wanda ba a taɓa sakawa a lissafi, wato mai masaukinka. Sau da yawa wani mutum ne a can yake zuwa ofishin baƙi ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyinka. Wannan sa hannu yana bin sa har shekara biyar, kuma ya haɗa da kuɗin ci da sha da magani da hukuma ta kashe a kanka, har da kuɗin mayar da kai gida. Na taɓa jagorantar tawagar da wani matashi ya yi layar zana daren da za mu taso. Da asuba muka tarar da gadonsa a gyare, jakarsa babu. Dattijuwar da ta sauke shi, wadda ta yi mako uku tana zuwa shagon Turkawa tana sayo naman halal saboda shi, ta zauna a kicin tana juya kofin shayi, tana tambayata ko wani abu ta yi masa. Ban sami abin ce mata ba. Shekarar da ta biyo baya ƙungiyar ba ta sake gayyatar kowa daga wurinmu ba, mutum bakwai da suka riga suka yi fasfo suka zauna a gida. Wake ɗaya ya ɓata gari. Shi kuwa bayan kusan shekara biyu ya kira ni yana neman yadda zai dawo.

Shi ya sa raina ke ɓaci da waɗannan ejan-ejan. Ganin kitse suke sa mutane yi wa rogo, su karɓi kuɗin filin gado, su kashe waya. Kada ka ba shi ko sisi. Kada ka ba shi hoton fasfonka ko takardar gayyatarku, domin da irinsu suke buga na jabu su sayar wa wasu, abin ya shafa wa tawagarku kashin kaji tun ba ku tashi ba. Kuɗin bizar Shengen Yuro 90 ne ga babba, inshorar lafiya kuma dole ta zama mai iya biyan kuɗin magani har Yuro 30,000, kuma yawancin shirye-shirye irin naku masu gayyata ne ke biya. Fasfonka ya kasance yana da sauran wata uku aƙalla bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a buga komai ba.

Idan zuciyarka na son aiki a can, hanya a buɗe take amma ta ƙofa. Jamus na da tsarin koyon sana'a na shekara biyu zuwa uku da rabi, wani ɓangare a makaranta wani ɓangare a wurin aiki, ana biyan ɗan albashi. Yana buƙatar Jamusanci da yarjejeniya da kamfani. Wanda ya je ya dawo a kan lokaci, fasfonsa ne zai yi masa shaida a nema na gaba.

Kai ma ba hannu rabbana za ka je ba. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetara Sahara, Turawa na kiranta fatar Maroko. Ka tafi da samfurinta da hotunan majema, ka nuna musu yadda ake jima da bagaruwa. Idan hanyarku ta bi ta Frankfurt, ka roƙa a kai ku gidan tarihin fata da ke Offenbach, yana nan kusa. Ka lura da yadda suke gyara bakin jaka, da irin zik da maɗauri da suke sawa, da yadda suke lissafin farashi, domin a nan kayanmu ke faɗuwa. Ka karɓi lambobin masu shaguna. Ka kiyaye lokaci ƙwarai, ƙarfe takwas a wurinsu takwas ce. Batun salla da abinci ka faɗa wa mai masauki tun daren farko, ba ya jin haushi.

Wajen haɗa kaya, kada ka saka kilishi ko dambun nama ko man shanu, an hana shiga da nama da kayan madara Tarayyar Turai. Duk jakar da ke da fatar mesa ko kada ko guza ka bar ta a gida, sai da izinin CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da fatunsu, in ba haka ba a ƙwace kuma a ci ka tara. Kada ka karɓi saƙon kowa a ƙulle, ko na kawu ne. Idan kuma kana son sayar da wani abu a can, ka tambayi masu gayyata su ba ka amsa a rubuce kafin ka cika jaka.