Yarinyar da take son cika goma

'Yata, na karanta babi takwas ɗin da kika aiko, na kuma ga tambayarki kan abin da ya sa jarumar labarin ba ta taɓa zuciyar masu karatu. Jarumarki 'yar shekara 16 ce, mahaifiyarta ta rasu, ita kuma ba ta yafe wa kanta kuskure ko ɗaya a karatu. Kin ce tana kuka kusan a kowane babi, amma waɗanda suka duba rubutun ba su ji tausayinta ba.

Kin raba abu ɗaya gida biyu ne. Babi ɗaya alhini, na gaba jarrabawa, kamar yara biyu ke zaune a littafin. Haɗe su. An ce mutum tara yake bai cika goma ba, ita kuwa goman take nema, domin mutuwa ta nuna mata akwai abin da ya fi ƙarfinta, sai ta damƙe ɗan abin da take da iko a kansa. Son cika goman shi ne kukanta.

Don haka rage hawayen. A littafi mai kalmomi dubu 60, babi 30 ke nan in kowanne ya kai dubu biyu, kuka uku ya isa, na farkon ma kada ya zo kafin babi na goma. Idan jaruma ta riga mai karatu kuka, ta sauke masa nauyin. Ki ba ta aikin hannu a madadinsa. Ƙarfe ɗayan dare tana kwafe darasi, alƙalami ya zame a harafi guda, ta yage shafin ta sake daga sama. Karo na huɗu ke nan, yatsanta na tsakiya ya yi kanta. An miƙo mata sakamako 94 cikin 100, ta juya takardar tana neman inda shidan suka zube. Kada ki ƙara da "saboda tana kewar mahaifiyarta". Matashin da ke karantawa ya riga ki ganewa, kuma yana jin haushin a tauna masa a baki.

Sannan ki tsayar da wanda take yi dominsa. Hewitt da Flett, masana halayyar ɗan Adam, sun kasa wannan hali na son cika goma kashi uku a 1991: wanda mutum ke ɗora wa kansa, wanda yake ɗora wa wasu, da wanda yake jin mutane na jira daga gare shi. Taki ta uku ce, kuma mai jiran, wato uwar, ta riga ta mutu, babu ranar da za ta ce "ya isa haka". Nan zafin labarin yake, ki daɗe a wurin. Saka jimla ɗaya da uwar ta taɓa faɗa a kan sakamakonta, cikin wasa ma, yarinyar ta mayar da ita doka.

Na lura kin jera babobin bisa matakan alhini biyar ɗin nan: musu, fushi, ciniki, ƙunci, sallamawa. Elisabeth Kübler-Ross, likitar tabin hankali, ta fitar da su a 1969 daga hirarta da majinyata masu jiran ajalinsu, daga baya aka yafa wa masu rashi. Bin su a jere yana sa a hango ƙarshe tun daga tsakiya. Bayanin da masana halayyar ɗan Adam Stroebe da Schut suka yi a 1999 ya fi yi wa marubuci amfani: mai rashi kai-komo yake tsakanin fuskantar rashin da komawa harkar rayuwa. Bari ta ƙyalƙyale da dariya da ƙawarta a shafi ɗaya, a na gaba ta tsani kanta don ta yi.

Uwar kuma kin mai da ita waliyyiya. Ki ba ta aibi: mantuwa, saurin faɗa, alkawarin da ba ta cika ba. Tuna baya kada ya wuce rabin shafi, kuma wani abu ne zai tayar da shi, kamar lambarta da har yanzu ba a goge daga waya ba.

Rushewar jarumar ta zo wajen babi na 22, a kan ƙaramin abu. Faɗuwa babbar jarrabawa kowa zai zata. Gara ruwa ya zube a littafin da ta yi wata uku tana tsarawa, ko ƙaninta ya goge saƙon muryar uwar bisa kuskure.

Abu biyu ki rage. Malamin nan mai wa'azin shafi biyu a babi na shida, bar masa layi uku, ɗaya ma ya faɗi ba daidai ba, don manya kan yi tuntuɓen harshe a gaban mai rashi. Saurayin kuma ya zauna kusa da ita in kina so, amma kada ya zama magani. Ki kuma duba muryarta: duk inda ta yi magana kamar 'yar shekara arba'in mai waiwaye, ke ce kika shigo, fita.

A babin ƙarshe kada ki warkar da ita. Ta miƙa aikin gida da gogewa a layi na uku, hannunta na rawa, malamin ya karɓa bai ko duba ba. Gyara babi na ɗaya zuwa na uku a kan haka, ki sake turo mini.