Hamadar da ke tsakanin Amurka da Meksiko

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji ana cewa a jihar Teksas ta Amurka akwai hamada a kan iyakar ƙasar da Meksiko, har ma wai sojojinsu sun taɓa ratsa ta da raƙuma. Shin gaskiya ne? Kuma idan mutum ya samu damar zuwa, me zai gani a can? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, abin da kika ji gaskiya ne. Yankin da ake nufi shi ne Big Bend, a yammacin Teksas, inda kogin Rio Grande ya yi wata babbar kwana a cikin hamadar Chihuahua. Wannan kogi, wanda mutanen Meksiko ke kira Rio Bravo, shi ne iyakar ƙasashen biyu a nan, amma yaƙi ne ya mayar da shi iyaka. Amurka ta haɗe Teksas a 1845, rikici ya ɓarke a 1846, aka kuma rufe shi da yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo a 1848, wadda ta raba Meksiko da kusan rabin ƙasarta. Kafin duk wannan, ƙabilun Apache da Comanche ne ke da iko da wurin, kuma mayaƙan Comanche kan ƙetare kogin a kowace kaka su kai hari kudu su koro dawakai.

Batun raƙuma kuwa ya taso ne saboda dawakai da alfadarai ba sa jure ƙishirwar wurin. A 1855 majalisar dokokin Amurka ta ware dala 30,000 domin a gwada raƙuma, aka sayo su daga Tunisiya da Masar da ƙasar Turkiyya, rukunin farko ya sauka a gaɓar Teksas a 1856. A 1859 da 1860 wani jami'in soja mai suna William Echols ya ratsa Big Bend da su, inda suka yi kwanaki suna tafe da kaya ba su sha ruwa ba, alhali alfadaran da ke cikin ayarin sun kusa halaka. Raƙuman ba su gaza ba. Yaƙin basasar da ya tashi a 1861 ne ya kashe shirin, daga baya aka yi gwanjon wasu, wasu kuma suka bazu cikin daji.

A ganina, wurin da ya fi cancantar ki ba shi lokaci shi ne sansanin soja na Fort Davis, wanda aka kafa a 1854 domin tsaron hanyar da ta haɗa San Antonio da El Paso, aka kuma rufe shi a 1891. Daga 1867 rundunonin baƙar fata ne suka zauna a cikinsa, da yawansu mutanen da ba su daɗe da fita daga bauta ba, sai ga shi an tura su yaƙar 'yan asalin ƙasar da ake ƙwace wa filaye. Wannan al'amari yana taɓa zuciyata ƙwarai, domin waɗanda aka zalunta jiya ne aka ɗora wa bindiga a kan wasu da ake zalunta a lokacin. A wannan sansani ne aka gurfanar da Henry Flipper, baƙar fata na farko da ya kammala kwalejin soja ta West Point, aka kore shi daga aiki a 1882, kuma sai a 1999 shugaba Bill Clinton ya yi masa afuwa, bayan ya daɗe da rasuwa. Har yau ɗakunan kwanan sojoji da gidajen hafsoshi suna nan tsaye, ana shiga ana gani.

Daga nan sai gandun dajin ƙasa na Big Bend, wanda aka buɗe a 1944, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 3,000. Abin da ya fi jan baƙi shi ne kwazazzabon Santa Elena, inda kogin ya ratsa tsakanin bangayen dutse biyu masu tsayin kusan mita 450, ɗaya a Amurka, ɗaya a Meksiko, alhali ruwan da ke tsakaninsu wani lokaci bai wuce gwiwa ba. A tsakiyar gandun akwai duwatsun Chisos masu sanyi da itatuwa, an kuma ƙirga tsuntsaye fiye da nau'i 450 a yankin. Da dare taurari kan fito fili sosai saboda babu hasken birni a kusa. A gefen yamma akwai kufan Terlingua, garin da ya bunƙasa da haƙar zaiba a farkon ƙarni na 20, sannan ya watse da kasuwar ta mutu.

Ana iya ƙetarawa zuwa ƙauyen Boquillas na Meksiko a ƙaramin kwalekwale. An rufe wannan mashiga a 2002 saboda tsaurara tsaron da ya biyo bayan harin 11 ga Satumba na 2001, lamarin da ya jefa mutanen ƙauyen cikin ƙunci, sai a 2013 aka sake buɗe ta. Kada ki shiga kwalekwalen sai da fasfo da bizar da za ta ba ki damar komawa Amurka. Ki shirya tafiyar tsakanin Nuwamba da Afrilu, domin da bazara zafi a bakin kogin yakan haura digiri 40, kuma ki tanadi aƙalla lita 4 na ruwa ga kowane mutum a rana, ki cika tankin mota duk inda kika samu mai, saboda garuruwan suna da nisa da juna ƙwarai.