Me ya sa ba a ba injiniyoyi su ƙera allon kwamfutar masu kula da zirga-zirgar jirage kawai?

Malam, ka tambaya me ya sa sai an yi ta gwada allon bogi kafin a sauya na'urorin hasumiyar filin jirgin Nnamdi Azikiwe, ko a sauran wuraren da NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, ke kula da su. Dalilin shi ne injiniya ya san waya da manhaja, amma bai taɓa zama da jirage biyar a kunnensa lokacin hazon hunturu ba.

Ka duba 'yar takardar nan da ake rubuta bayanin kowane jirgi a kai. Mai kula da jirage yakan tura ta gefe da yatsa, ya ja layi da biro, ya miƙa wa na kusa da shi ba tare da ya ce uffan ba. Duk wannan magana ce. In ka mayar da ita cikin kwamfuta ba ka lura da hakan ba, ka yanke masa harshe.

Shi ya sa ake haɗa samfurin da za a iya taɓawa, a zaunar da ma'aikacin gabansa da jiragen ƙarya, a ga inda idonsa ya tsaya, inda hannunsa ya yi kuskure. A gyara launi yau, gobe a sake gwadawa. Kuɗinsa kaɗan ne.

A Ingila, cibiyar kula da zirga-zirgar jirage ta Swanwick da aka buɗe a 2002 ta sha ƙorafi saboda rubutun allon ya yi ƙanana, har ana rikita lambobi. Girman harafi fa kawai!

Ni dai da za a tambaye ni, ɗaliban kwalejin jirage ta Zariya zan fara zaunarwa gaban samfurin, tare da tsofaffin hannu.