Yamaha R6 bayan wata shida a kan Boxer: a saya ko a dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, Zariya. Wata shida ke nan ina tuƙa Boxer ɗin yayana, ban taɓa faɗuwa ba. Yanzu an kawo mini tallar babur Yamaha R6 ɗan Beljiyam, kuɗina kuma sun kai. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka saya yanzu.

Boxer ɗin da hannunka ya saba da shi injinsa 100cc ne, ƙarfinsa bai wuce na doki 8 ba. R6 kuwa 599cc ne, ƙarfinsa ya kusa na doki 120, nauyinsa wajen kilo 190. A giya ta ɗaya kaɗai yana iya haura kilomita 100 a awa. Murɗa totur da kake yi wa Boxer ba tare da tunani ba in za ka wuce Keke Napep, ka yi wa R6 irinta, kafin ka ankara ka isa bayan tirela. Birkinsa ma haka. Wanda bai goge ba, in akuya ta gitta masa, damƙe birkin gaba yake yi da yatsu huɗu, a irin wannan babur kuwa nan take tayar gaba za ta kulle ko bayan ya ɗaga. Tsofaffin da ake shigowa da su galibi ba su da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa.

Sannan ka dubi inda za ka hau shi. Don filin tsere aka ƙera shi: kana kife a kan tanki, kan babur ba ya juyawa sosai, injin yana zafi in ba ya samun iska. Ka kawo wannan cikin cunkoson PZ da yamma, ko ƙarƙashin gadar Kwangila inda manyan motoci da 'yan acaba ke kutse, ga yashi a gefen kwalta bayan ruwan sama. Abin da ya fi damuna ma shi ne hanyar Shika da ta Kaduna, domin nan ne zuciya ke ce wa matashi ya buɗe wuta ya ga iyakarsa.

A ƙasashen Tarayyar Turai, ɗan shekara 18 ba ya samun lasisin da ya wuce A2, wato babur mai ƙarfin doki 47. Sai ya yi shekara biyu da shi, ko ya kai 24, kafin a sakar masa manya. Da rarrafe yaro kan tashi. In siffar babur ɗin tsere ce ta tafi da kai, nemi Honda CBR250R ko Kawasaki Ninja 300, ka yi shekara ɗaya ko biyu a kai. Ragowar kuɗin ka sayi hular kwano mai rufe haɓa, da safar hannu, da jaket mai kariya, da takalmi mai rufe idon sawu, ka kuma yi lasisin babur, rukunin A.

Tambaya: Malam, ɗana ya nace sai babur mai ƙarfi, ya ce zai riƙa tafiya a hankali. Ni uwa ce, daga Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, ina jin da gaske yake nufi, amma hatsarin sabon hannu daga firgita yake zuwa, ba daga niyya ba. Ki ce kin yarda da babur, da sharaɗin kada ya wuce 250cc, kuma kafin a biya a kai shi wurin bakanike ya duba taya da birki da sarƙa, ya kuma faɗa muku ko ana samun kayan gyaransa a Sabon Gari ko sai an aika Kano.