Zaren Tsamiya: Wace Halitta Ce Ke Yin Sa?

TAMBAYA: Malam, ni maɗinki ne a Agege. Kakana ya bar mini babbar riga mai aikin zaren tsamiya. Wani abokina Bayarabe da ya gan ta ya ce zaren sanyan ne, wato wani yadin saƙa na Yarabawa, wai tsutsa ce ke yin sa, ba itace ba. Gaskiya ne? Yaya kamannin abin yake?

AMSA: Ɗan'uwa, abokinka ya faɗi gaskiya, kuma ka riƙe rigar nan da kyau, don samun irinta yanzu sai an sha wuya.

Tsutsar ɗiyar wani malam-buɗe-littafi ce mai yawon dare. Masana sun sa shi a dangin Notodontidae, cikin jinsin Anaphe da ɗan'uwansa Epanaphe, waɗanda a Afirka ake samun su. Ba shi da ado irin na masu yawon rana. Fukafukansa na gaba fari ne mai ɗan rawaya kamar madara, da layuka masu ruwan ƙasa a kai, jikinsa kuma duk gashi. Zai iya sauka kusa da fitilar shagonka ka kore shi, ba ka san shi ne mai zaren rigar kakanka ba.

Akwai ɗaya da ke da alaƙa da garin nan namu. Sunansa Epanaphe moloneyi, an bayyana shi a 1887, aka sa masa sunan Alfred Moloney, gwamnan Legas na wancan lokaci, wanda titin Moloney kusa da Obalende ke ɗauke da sunansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke aiki. Tsutsar siliki ta ƙasar Sin kowacce gidanta take saƙawa. Waɗannan kuwa taruwa suke yi da yawa, su saƙa jaka guda babba a jikin itace, sannan kowacce ta naɗe kanta a ciki. Jakar ake tsinkowa daga daji, a dafa ta da ruwan toka har danƙon ya saki, a wanke, a kaɗa da mazari kamar auduga. Shi ya sa zaren ba ya sheƙi sosai, yana da ɗan kaushi, launinsa kuma tsakanin fari da ruwan ƙasa. Yarabawa da shi suke saƙa sanyan, namu masu ɗinki su zuba aska takwas a gaban riga. Jakar ɗanya tana da gashi mai sa ƙaiƙayi, kada a taɓa ta hannu tsirara.

Gargaɗi ɗaya: a yankin Ilesha ana cin tsutsar Anaphe venata da damina, kuma likitoci sun gano tana ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1 a jiki, har mutum ya kama karkarwa da tangaɗi. Idan an kawo maka ita a kasuwa, ka bar ta.